'Yata Ta Karance Duk Abin Da Ke Gida, Yanzu Ta Koma Kan Littattafan Manya

Assalamu alaikum, Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, babbarsu yarinya ce 'yar shekara 11. Tun tana aji uku na firamare ta kamu da son karatu, ta yadda idan aka raba musu littattafan sabon zango, kafin a je ko'ina ta karance labaran da ke ciki, sai ta koma bin jaridu da duk wata takarda da ta gani a gidan. Da farko abin yana faranta mini rai. To amma kwanakin baya na ɗaga katifarta zan sauya zanin gado, sai na tarar da littafin soyayya na manya, irin wanda ƙanwata da ke zaune tare da mu take karantawa. Da na duba wasu shafuka sai jikina ya yi sanyi. Na kuma sha kama ta cikin dare ta lulluɓa da bargo tana karatu da tocila. Da mahaifinta ya ji, sai ya ce a kwashe duk wani littafin labari daga ɗakinta har ta gama jarrabawar shiga sakandare, domin a ganinsa tatsuniya ba ta ba yaro maki. Tun daga ranar ta daina walwala, magana ma sai an ja ta. Ni ban taso da karanta littattafai ba, saboda haka ban san abin da ya dace da shekarunta ba. Tana karanta Hausa da Turanci sosai, tana kuma koyon Larabci. Don Allah ki ba ni shawara: waɗanne littattafai zan nema mata, kuma yaya zan yi da mahaifinta da ƙanwata?

Uwa mai neman mafita

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa albarka a cikin wannan baiwa da ya yi wa 'yarki. Ina so ki fara kwantar da hankalinki game da abin da kika tarar a ƙarƙashin katifa, domin duk bayanin da kika yi bai nuna mini yarinyar da tarbiyyarta ta taɓu ba. Abin da na gani shi ne yarinyar da ta rasa abin karantawa, ta miƙa hannu ta ɗauki wanda ya fi kusa da ita. Mai ƙishirwa da bai sami ruwan randa ba, ko na kududdufi ya gani zai kafa baki. Saboda haka maganin da zai yi aiki shi ne a wadata ta da littattafan da suka dace da ita, a kuma sami babba a gidan da ya san abin da take karantawa. Idan aka tsaya a kan hani kawai, karatun ba zai tsaya ba, sai dai ta ƙara ƙwarewa wajen ɓoyewa.

Matsalar yara masu kaifin karatu a tsakanin shekara 9 zuwa 12 ita ce idonsu ya riga shekarunsu girma. Yarinya za ta iya karanta jimlar da aka rubuta wa matar aure ba tare da ta yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba, alhali zuciyarta ba ta kai ga ɗaukar abin da jimlar ta ƙunsa ba. Don haka kowane littafi ana auna shi ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar harshensa, kuma wannan yarinyar da kanta za ta iya aunawa: ta buɗe wani shafi daga tsakiya ta karanta, duk kalmar da ba ta gane ba ta naɗe yatsa ɗaya. Idan ta kai ƙarshen shafin ba ta naɗe ko ɗaya ba, littafin na hutawa ne; idan ta naɗe biyu ko uku, daidai da ita yake; idan hannun ya dunƙule gaba ɗaya, a ajiye mata shi zuwa baɗi. Ta biyu ita ce nauyin abin da ke ciki, kuma wannan aikinki ne. Ba sai kin karance littafi duka ba. Ki duba babin farko, ki tsallaka ki duba shafi uku ko huɗu a tsakiya, sannan ki karanta ƙarshe. Wannan kaɗai zai nuna miki ko labarin na yara ne ko kuwa na waɗanda suka mallaki hankalin kansu.

Kafin ki nemo mata komai, ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban ƙannenta ba, kuma ba da littafin a hannunki kamar shaidar da za a gabatar wa alƙali ba. Shirun da ta yi tun ranar, kunya ce haɗe da jin cewa abin da ta fi so a duniya ya zama laifi. Ki ce mata, “Na ga littafin nan, kuma ban yi fushi da son karatunki ba, alfahari ma nake yi da shi. Wannan dai an rubuta shi ne domin manya, kuma lokacinsa zai zo. Akwai abin da kika karanta a ciki da ya dame ki, ko wanda ba ki gane ba?” Daga nan ki yi shiru ki saurare ta. Idan ta yi tambayar da ta yi miki nauyi, ki daure ki amsa a taƙaice da gaskiya, daidai da shekarunta, domin yarinyar da ke bakin balaga idan uwarta ta kau da kai, wani wuri za ta kai tambayar. Ki kuma tambaye ta abin da ya ja ta ga littafin. Sau da yawa amsar ba ta wuce cewa yana da tsawo ba, ko kuma tana son ta san yadda za ta ƙare da jarumar, kuma wannan amsar za ta taimaka miki wajen zaɓen abin da za ki kawo mata.

Ƙanwarki kuwa, kada ki mayar da ita mai laifi. Babba ce, tana da 'yancin karanta abin da take so, kuma ba lallai ne ta san an ɗauki littafin ba. Ki roƙe ta ta riƙa adana littattafanta a cikin akwati, wayarta kuma ta sa mata mabuɗi idan tana karanta labarai a ciki. Bayan haka ki jawo ta cikin aikin. A gidan nan ita ce ta san daɗin labari, kuma yarinya a wannan shekaru takan fi sakin jiki da ƙanwar uwa. Idan ita ce za ta riƙa duba littafi kafin a miƙa, ko su karanta tare su tattauna, kin sami mataimakiya a daidai wurin da kike ganin kin gaza.

Mahaifinta ma tsoronsa yana da tushe. Yana ganin jarrabawa ta ƙarato, yana ganin 'yarsa ba ta barci, ga kuma littafin da bai dace ba ya shigo hannunta. Uba mai kula dole hankalinsa ya tashi. Inda nake ganin ya kuskure shi ne zaton cewa karatun labari yana cin lokacin karatun makaranta ba tare da ya biya ba. A shekarar 2013 wasu masu bincike biyu na Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, Alice Sullivan da Matt Brown, sun bi diddigin mutane kusan 6,000 da aka haifa a Birtaniya a 1970, suka gano cewa waɗanda suke karatu don jin daɗi suna yara sun fi takwarorinsu ci gaba tsakanin shekara 10 zuwa 16 a sanin kalmomi da rubuta su daidai, har ma da lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya saba bin labari mai shafi ɗari biyu ba ya firgita da doguwar tambaya a takardar jarrabawa, yana saurin gane abin da ake nema, kuma idan aka ce ya rubuta insha'i yana da kalmomin da zai zuba. Ki zaɓi lokacin da maigidan yake cikin natsuwa ki kai masa wannan, amma kada ki kai a matsayin gardama. Ki kai masa tsari: aikin makaranta da bitar jarrabawa su ne farko, bayan an gama tana da minti 30 zuwa 45 na littafin da take so, a ƙarshen mako a ƙara mata, tocila kuma ta kwana a ɗakinku. A kan maganar barci ki ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari, domin likitocin yara suna ba da shawarar awa 9 zuwa 12 na barci ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, kuma babu littafin da ya kai a sarayar da wannan dominsa.

Littafin da zan fara sa mata a hannu shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, mai juzu'i uku. Na zaɓe shi ne saboda gininsa ya dace da yarinyar da ke son dogon labari amma aka ƙayyade mata lokaci. Akwai babban labari da ke riƙe da littafin: sarki ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla makirci, aku kuma yana riƙe yaron da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarko. A cikin wannan aka jera gajerun labarai da kowanne ake iya gamawa a zama ɗaya, ta yadda za ta rufe littafin da gamsuwa, ta kuma kwana da ɗokin na gobe. A juzu'i na biyu akun yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma yana koyar da ɗansa Fasih. Imam ya ɗebo wasu labaran daga taskar Larabawa da Indiya da Turai, amma ya narkar da su cikin Hausa mai daɗi da karin magana, har yaro ba zai taɓa zaton baƙi ne ba. Yarinyar da ta ratsa juzu'an nan uku za ki ji sauyin a bakinta. Idan ta gama, ki bi mata da Ruwan Bagaja na marubucin, wanda ya fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, inda jarumin labarin, Alhaji Imam, ya bazu cikin duniya neman ruwan magani, suna ta shirya wa juna tsiya shi da Malam Zurƙe. Za ta yi dariya sosai, kuma dama ce a gare ki ki tambaye ta ko duk dabarar da ta ba da dariya ce ta halatta.

Idan kin lura tana son jarumta, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin wanda ya taso ba ya iya tafiya, ya sami lafiya da ƙarfi, ya tashi kare raunana. Idan kuma mai yawan tambaya ce a kan taurari da sararin sama, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo zai burge ta. Yaro ne mai suna Kilba aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya, kuma littafin ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya zai yi mata sauƙi, amma ki nemo shi duk da haka, ki ɗora mata nauyin karanta wa ƙannenta da yamma.

Ba kowane tsohon littafi mai daraja ne ya dace da ita yanzu ba, kuma a nan iyaye da dama suke yin kuskure, suna ganin tunda an karanta shi a makaranta shi ke nan. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne mai zurfi, amma labarin yaron da aka sace ne a zamanin cinikin bayi, da uwar da ta sha baƙar wahala tana nemansa. Yarinya mai taushin zuciya za ta iya kwana tana kuka a kansa, don haka ko dai ku karanta tare, ko a jinkirta mata shekara ɗaya ko biyu. Jiki Magayi ya ginu ne a kan soyayyar da aka raba da kuma ɗaukar fansa, gara ya jira ta shiga sakandare sosai. Dare Dubu da Ɗaya kuwa, cikakkiyar fassararsa ta manya ce ƙwarai. Abin da ya dace da ita shi ne labaran da aka tsamo aka tace domin yara, irin su tafiye-tafiyen Sindbad da labarin Ali Baba.

A ɓangaren Turanci zan so ta fara da labaran da jarumansu sa'o'inta ne. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaro ne ɗan shekara 11 da ya bar ƙauye ya koma Onitsha wurin kawunsa, babu abin da yake buri kamar ya haye kogin Neja ya ga Asaba. Gajere ne, harshensa a miƙe yake. Without a Silver Spoon na Eddie Iroh, na 1981, yana ba da labarin ɗan talaka da ya riƙe gaskiya ko da aka zarge shi da sata. Sai dai ki lura cewa kusan duk waɗanda na ambata zuwa yanzu jarumansu maza ne, kuma ina ganin wannan yana cikin abin da ke jan yara mata zuwa littattafan soyayya, domin a can ne suke tarar da mace a tsakiyar labari. Don haka ki nemo mata Anne of Green Gables na L. M. Montgomery, wanda ya fito a 1908, labarin marainiya 'yar shekara 11 a Kanada, mai surutu da faɗin tunani, da wasu dattawa biyu suka ɗauka riƙo alhali yaro namiji suka nema. Yana da ci gaba a littattafai da dama, wanda hakan alheri ne ga mai saurin karatu. Matilda na Roald Dahl, na 1988, labarin yarinya ce mai tsananin son littafi, kuma 'yarki za ta ga kanta a ciki; amma tunda iyayen jarumar mutanen banza ne da ake yi wa dariya, ki jinkirta shi har gidan ya huce, don kada ta ɗora labarin a kan mahaifinta. Ki kuma nema mata tarihin mata na gaske da aka rubuta domin yara, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara hanyar ilmantar da mata.

Akwai littafi ɗaya da nake so ya bi ta hannun mahaifinta, wato The Boy Who Harnessed the Wind. Labari ne na gaskiya na William Kamkwamba, ɗan ƙasar Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka fitar da shi daga aji yana ɗan shekara 14, ya riƙa aron littattafai a wani ƙaramin ɗakin karatu, har ya harhaɗa tarkacen ƙarafa da kayan keke ya ƙera injin da iska ke juyawa ya ba gidansu wutar lantarki. Ya fito a 2009, kuma akwai bugun da aka sauƙaƙa domin yara. Ki roƙi maigidan ya zama shi ne zai miƙa mata, ko da bai karanta ba ta ba shi labarin abin da ke ciki. Hakan zai gyara abin da ya ɓaci tsakaninsu fiye da dogon lallashi.

Wata rana za ta zo miki da maganar Harry Potter, domin ƙawaye za su ba ta labari. Littattafai bakwai ne da suka fito tsakanin 1997 da 2007, jarumin yana farawa da shekara 11, kuma labarin yana ƙara duhu da mace-mace daga na huɗu zuwa sama. Ya ginu a kan makarantar koyon sihiri, saboda haka ku iyaye ne za ku yanke hukunci gwargwadon aƙidarku. Idan kun amince, a fara da na farko zuwa na uku, tare da bayyana mata cewa ƙage ne. Idan ba ku amince ba, ku gaya mata dalili a fili ku kuma ba ta madadi, kada a bar ta da “a'a” kawai.

Tunda tana koyon Larabci, Ƙisasun Nabiyyin na Abul Hasan Ali Nadwi zai yi mata amfani biyu, domin an rubuta shi ne musamman domin yara, yana farawa da gajerun jimloli yana ƙara nauyi sannu a hankali, ga kuma tarihin annabawa. Labaran yara na Kamil Kilani, marubucin Masar, su ma an yi musu wasali kuma harshensu mai tsabta ne. Kada kuma ki taƙaita ta ga labarai. Ki ajiye mata ƙamus da littafin taswirar duniya a inda hannunta zai kai, da littattafan da ke bayanin dabbobi da jikin ɗan Adam da taurari, irin jerin Ikon Allah idan kin same shi.

Ba sai kin sayi duk waɗannan ba, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Ki fara da malaminta na Hausa ko na Turanci, ki gaya masa halin da ake ciki, domin malami yana murna da irin wannan ɗaliba kuma ya san abin da ke ɗakin karatun makaranta. Ki yi magana da iyayen ƙawayenta biyu ko uku ku riƙa musayar littattafai, kowace uwa ta duba wanda ya fito daga gidanta. A intanet akwai African Storybook da ke da labaran yara kyauta cikin harsunan Afirka har da Hausa, ko da yake yawancinsu sun fi dacewa da ƙannenta, da kuma Project Gutenberg mai tsofaffin littattafan Turanci. Amma kada ki sakar mata waya ta nema da kanta. Labaran da ake yaɗawa a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad babu mai tace su, wasunsu sun fi na ƙarƙashin katifar muni nesa ba kusa ba, kuma Wattpad ɗin ma bai yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe shafi ba. Ki sauke mata littafin da kanki, ki kashe data, sannan ki miƙa.

Kin ce ba ki taso da karatu ba, kamar hakan ya cire ki daga cikin maganar. Bai cire ki ba. Ki ce ta karanta miki babi ɗaya da murya yayin da kike aikinki, ki tsayar da ita ki tambaya, “To me ya sa ya yi haka? Ke da me za ki yi?” Ta nan za ki san abin da ke shiga kanta ba tare da kin yi mata bincike ba. Ki saya mata ɗan littafin rubutu ta riƙa sa sunan duk wanda ta gama da jimla biyu a kan abin da ya burge ta, amma kada ki mayar da shi aikin gida da ake dubawa da jan biro. Idan ta koma kan littafi ɗaya sau da yawa ki ƙyale ta, idan kuma ta fara wani ta ji bai shige ta ba bayan babi uku, ki bar ta ta ajiye.

Idan duk da wannan maigidan ya tsaya a kan bakansa, kada ki saɓa masa a ɓoye, domin yarinyar za ta koyi cewa ana iya yi wa uba wasa da hankali. Ki nemi sassauci mafi ƙanƙanta, ko da ranar hutu ɗaya ce a mako, ki roƙi malaminta ko wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki, sannan ki gaya wa 'yarki ranar da takunkumin zai ƙare da kuma littafin da ke jiranta a ranar. Ki sa ido a kan walwalarta. Idan shirun ya zarce makonni, ta rage cin abinci ko ta janye daga ƙawayenta, ki sake zama da ita ki bincika ko akwai wani abu daban da ke damunta, a gida ko a makaranta. Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa, ya kuma daidaita tsakaninku.